Hannun Bahagon Udubo

Ku yaran yanzu idan kun ga ina ɗaure wa ɗan dambe hannu, sai ku ɗauka naɗi ne kawai, irin wanda ake yi wa gindin tsintsiya. Kwanan baya wani a cikinku ya ce mini ai ko makaho zai iya. Na dai miƙa masa zaren. Kafin a gama turmin farko, wato zagayen farko na wasan, ɗaurin nasa ya zazzago yana reto a wuyan hannun mutumin, 'yan kallo suna ta dariya. To ku gyara zama. Na fi shekara talatin ina wannan aiki a Azare, kuma akwai abin da ban koya ba sai da na yi ɓarna.

Ni ɗan gidan mahauta ne, a kwata na buɗe ido. Kamar kowane yaron gidanmu na gwada dambe, aka kashe ni sau uku a jere, wato aka kai ni ƙasa, na ƙarshen ma wani ɗan tsurut ne da ban kai ga ganin hannunsa ba. Ina zaune ina tofar da ƙasa sai Kawu Gambo, ƙanen mahaifiyata, wanda shi ne mai ɗaurin zare a gidan damben garin a lokacin, ya tsuguna ya kama hannuna ya jujjuya.

"Ɗanjuma," ya ce, "wannan hannu ba na bugu ba ne. Ka bar ba mutane dariya, ka zo in koya maka abin da za ka ci abinci da shi."

Shekara guda cur ban taɓa hannun mutum ba. Kullum da safe zan ɗauko ƙafar sa daga kwata in kai masa, in naɗe ta da ƙyalle, in bi da zare tun daga ƙasa har sama. Idan na gama sai ya karɓa ya maka ta a jikin kututturen dabino sau goma. In zare ya motsa ko da kaɗan ne, ba ya faɗa, sai dai ya jefo mini ita ya ci gaba da cin goronsa. Ranar da ɗaurina ya fara tsayawa na yi zaton na gama. Sai ya ce in miƙo nawa hannun. Ya ɗaure shi tam, fiye da kima, ya ce in zauna a nan kada in kwance. Da farko na ji zafi, daga baya na ji kamar tururuwa na yawo a yatsuna, can kuma sai na daina jin komai. Da ya kwance, ko kofin ruwa na kasa ɗauka.

"Ka ji ko?" ya ce. "In ka matse, hannu ya mutu kafin turmi na biyu. In ka sassauta, yatsu su karye. Ƙafar sa ba ta magana, amma mutum yana yi. Ka riƙa saurara."

Na ce to. A lokacin na ɗauka zancen ɗauri kawai yake yi.

Kayan aikina ba su da yawa, duk burgami ɗaya ke ɗauke su. Akwai ƙyalle na tsohon zanen auduga wanda wanki ya tausasa, akwai man kaɗe na shafa wa gaɓoɓin yatsu, da 'yar wuƙa, sai zaren kansa. Zaren auduga ne mai tufka uku, wata tsohuwa a Gadau ke yi mini, kuma har ta rasu ban sayi na wani ba. Da zaren roba ya shigo kasuwa 'yan kasuwar kudu sun sha yi mini tayi, ga arha ga ƙarfi. Na gwada sau ɗaya na ga yana yanka fata, na mayar musu. Kowane ɗan dambe da nasa zaren a wurina, yankakke daidai hannunsa, da ƙullin da nake gane na wane ne. Bayan wasa in wanke, in shanya a inuwa, domin rana tana sa shi tauri. Kuma kafin in ɗora ƙyalle sai na murza hannun tukuna, na danna nan da can da babban yatsa. Da haka nake sanin wanda ya kwana da targaɗe yana ɓoyewa, da wanda ya bar motsa jiki ya koma cin tuwon amarya.

Da can ba mu san kilo ba. Bayan la'asar makaɗa za su saki kalangu, ɗan dambe ya taso daga ɓangarensu ya tako har gaban wanda yake so ya miƙa masa hannu. In wancan ya yarda, sun sa zare ke nan. Ƙarami yakan nemi babba, kuma wani lokaci ya kashe shi, garin ya kwana uku yana zancen. To a shekarun nan da wayar salula ta shigo Azare, sai ga ma'aikatan wasanni daga Bauchi da sikeli a bayan mota. Suka ce daga yanzu aji uku ne: ƙanana, matsakaita da manya. Kowa sai ya hau an auna shi kamar buhun gero. Ban ce abin ba shi da amfani ba, ya rage karaya. Amma duk wani abin daɗi a ajin manya aka zuba shi. Su ake kaiwa gasa a birni, su ake ɗauka hoto, wanda ya yi zarra a cikinsu aka ce babur zai hau. Nan da nan kowa ya ƙi jikinsa. Aka fara jin sunan ƙwayar nan ta sha-ka-fashe a bakin samari, sannan aka shiga raɗe-raɗin wani abin da ya fi ta muni, wai akwai masu karɓar allurar da masu turka shanu ke yi wa sa don ya cika ido kafin salla.

Mutum biyu nake so in ba ku labarinsu, dukansu a hannuna suka tashi, kuma dukansu daga ajin ƙanana suka fara.

Na farko Sale Ɗan Kwata, ɗan unguwarmu. Aikinsa ɗaukar cinyar sa a kafaɗa daga mayanka zuwa rumfa. Gajere ne mai wuya kamar turmi, ga surutu, ga son kirari. Dambensa ba shi da ado. Zai tsaya ya sha bugu biyu, uku, yana jiran nasa guda ɗaya, in ya samu kuwa an gama. Cikin shekara uku ya tashi daga ƙanana ya bi ta matsakaita ya shiga manya, kowace kaka ina ƙara masa zare kaɗan. Idan na danna hannunsa sai in ji shi kamar ɗanyen rogo. Kowa na cewa ga yadda ake hawa, da nama da aiki.

Na biyu Buba, wanda makaɗa suka sa wa Bahagon Udubo. Manomi ne, yana da 'yan shanunsa, ranar kasuwa yake biyo motar hatsi ya shigo gari. Siriri, mai dogayen yatsu, ba ya kirari, in an yi masa ma sai ya sunkuyar da kai. Amma idan ya shiga fili, jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ba ya tsayawa inda ka bar shi. Ka kai bugu ka sami iska, kafin ka dawo da hannunka hagunsa ta sauka a ƙasan kunnenka. Bai taɓa bugun wanda ya riga ya durƙusa ba, shi ke ma kama shi ya tashe shi. Idan zan ɗaure masa hannu yakan zo da nono a 'yar jarka, ya ce, "Baba, Inna ta ce a gaishe ka." Na ɗaure hannaye ba iyaka, amma har gobe in na rufe ido nasa nake gani. Ina kewar kallon damben yaron nan fiye da yadda nake kewar ƙuruciyata.

Shi ma ya hau matsakaita a hankali, ya zauna a nan shekara biyu ba wanda ya kai shi ƙasa. Da damina gidan dambe a rufe yake, kowa yana gona, sai an yi girbi ake buɗewa. To wata kaka Buba ya dawo, ya hau sikeli, allurar sikelin ta wuce ta shiga manya. Mai awo ya sauke shi ya sake ɗora shi, haka dai. Fuskarsa ta yi fam, idanunsa sun ƙanƙance. Mutumin da ya shekara biyu ba ya ƙara ko kilo ɗaya, a damina guda ya tsallake aji.

A makon ina fama da zazzaɓi, wani ne ya ɗaure masa. Aka haɗa shi da wani ƙato da ya zo daga wajen Jama'are, Buba ya kashe shi a turmin farko. Da ya sha kashi da ba wanda zai ce uffan. Amma ya ci, sai magana ta tashi. A rumfar mai shayi, a kwata, a tasha, ko'ina zancen ɗaya ne: Bafulatani ne, shanu a ƙofar ɗakinsa, allura kuwa ba sai ya je nema ba. Ana cikin haka aka sa ranar da zai kara da Sale, wanda ya ci shi za a kai birni.

Ana gobe wasa Sarkin Dambe ya aiko a kira ni. Dattijo ne mai son a zauna lafiya, na same shi a zaure duk ya damu.

"Mai Zare," ya ce, "mutanen Sale sun ce ba za su sa zare da mai magani ba. Mu ba mu da na'urar gwaji, ba mu da likita. Kai ka san hannun kowa. Gobe in ka ɗaure masa, mun yarda da shi. In ka ƙi, mun gane."

"Ranka ya daɗe, hannu ba ya yi mini ƙarya," na ce.

Ku lura da wannan magana tawa. Da girman kai na faɗe ta, kuma na ji daɗin faɗinta.

Washegari fili ya cika tun kafin la'asar, har kan katanga mutane ne. Na fara da Sale, na gama ba matsala. Buba ya zo ya zauna a kan benci, ya ajiye mini jarkar nono, ya miƙo hagunsa. Na ɗauko zarensa, wanda a da idan na gama yakan yi saura kamu guda in soke. Na ɗora ƙyalle na fara naɗi, ban kai ƙarshen dunƙulen ba zare ya ƙare. Na kwance na sake, haka. Sai na ajiye, na kama bayan hannun na danna da babban yatsa. Wurin ya lotsa. Na ɗauke yatsana, ramin yana nan bai taso ba.

Duk ɗan mahauta ya san wannan rami. Tun muna yara ake koya mana, in aka kawo dabba kasuwa ta cika ta yi sheƙi, ka danna. In nama ne zai turo yatsanka, in ruwa ne aka tara mata da magani zai lotsa ya zauna. Sau nawa na kama masu wannan ha'inci a kasuwar shanu, ana yaba mini ido. Saboda haka ban yi wani dogon tunani ba. Na ga rami, na ga ruwa, na ce magani.

"Buba, wa ya yi maka allura?"

"Allura kuma, Baba? Wallahi ba kowa."

"Kada ka rantse mini. Dubi hannunka."

Ya dubi ramin, ya dube ni. Ya rage murya yadda na kusa ba za su ji ba. "Baba, dama ina so in tambaye ka. Kwanan nan in na tashi da safe ƙafafuna ma..."

"Har ƙafafun ya kai ke nan," na katse shi.

A wurinmu akwai abin da mai ɗauri ke yi idan ya kama ɗan dambe da cuta, kamar wanda ya ɓoye ƙarfe a cikin ƙyalle. Ba ya dogon bayani. Zai ɗauki zaren mutumin ya taka har gaban makaɗa ya ajiye shi a ƙasa. Kawu Gambo sau biyu kacal ya yi haka a duk rayuwarsa. Ni ma na tashi da zaren Buba, na ratsa fili, na ajiye. Kalangu ya tsaya cak. Da na bar shi a nan ma da sauƙi, amma ganin idon jama'a a kaina sai bakina ya buɗe. Na ɗaga hannun Sale na ce ga wanda ya hau da guminsa, shekara uku, kowa ya zo ya taɓa ya ji nama. Na nuna benci na ce wancan kuwa ruwa ne, irin na san da aka yi wa allura.

Wani daga kan katanga ya ƙwala, "Mai allurar shanu!" Wasu suka amsa. Kafin ka ce me, rabin fili ya ɗauka, ana tafi ana maimaitawa.

Buba bai yi gardama ba. Ya sa rigarsa, ya jawo takalman robarsa zai sa, ƙafar ta ƙi shiga. Ya gwada ɗayar, ita ma ta ƙi. Sai ya riƙe su a hannu ya fita ba takalmi. Ina kallo, kuma a raina na ce ka gani ko, ga ƙarin shaida. Jarkar nonon tana nan a gindin benci, makaɗa ne suka shanye.

Karawar ba ta yiwu ba, aka kai Sale birni, ya dawo da babur. Ni kuwa sunana ya ƙara tashi. Har daga Gamawa ake aiko mini da 'yan dambe in taɓa hannunsu kafin a sa zare. Duk ranin nan ban ga Buba ba, ban kuma tambaya ba. In ya faɗo mini a rai sai in ce ai shi ya jawo wa kansa.

Ruwa ya sauka, an yi shuka, an rufe gidan dambe. Wata safiya ina rumfa ina gyaran nama aka ce wata tsohuwa na nemana a bakin ƙofa. Na fita na ga 'yar dattijuwa da ƙwarya a hannu, ƙafafunta duk laka. Muka gaisa da Fillanci, sannan ta juya Hausa.

"Malam, kai ne mai zare? Ni ce uwar Buba. Yana asibitin garin nan kwana tara. Ya ce in ba ka ƙi ba, ka zo."

Da na isa asibitin, da ƙyar na gane shi. Cikinsa ya taso, ƙafafun sun yi kamar taɓare, fuskar ta kumbura har idanu sun kusa rufewa. Likitan da ke zagaye, wani matashi, ya ja ni gefe da ya ji an ce ni ubangidansa ne. Ya ce ƙoda ce, ta daina tace ruwa, shi ne ruwan ke taruwa a jiki. Ya ce abin ya daɗe yana cinsa.

"Tun yaushe kuka fara ganin kumburin?" ya tambaye ni.

"Tun kaka."

"Tun kaka, Baba? Ba wanda ya ce a kawo shi?"

Amma ku ji irin taurin kaina, ko a nan ban saduda ba. Na ce a raina ai allurar ma tana iya kashe ƙoda. Ina wannan tunani sai ga ma'aikaciyar jinya ta shigo da tire. Buba na ganin sirinji ya juya fuska bango, jikinsa ya ɗauki ɓari, ya kama zanen uwarsa ya damƙe. Mutumin da ya tsaya gaban ƙatti bai ƙifta ido ba. Tsohuwar ta dafe kansa tana lallashi kamar ɗan goye, ta dube ni tana 'yar dariyar da ba ta daɗi ba.

"Haka yake tun yana yaro, Malam. Ranar da masu rigakafi suka zo rugarmu, a kan tsamiya ya wuni. Ko shanunsa za a yi wa, barin wurin yake. Ƙwayar ciwon kai ma sai na daka masa a fura."

Na nemi wuri na zauna. Kunya irin ta ranar nan ban taɓa jin ta ba, kuma ba na fatan ko maƙiyina ya ji.

Da aka gama allurar ya juyo. Na fara neman gafara, ya ɗaga hagun nan da ƙyar ya tsayar da ni.

"Baba, na yafe tun tuni. Ni ma ban san mene ne ba. Da na ga sikeli ya kai ni manya har murna na yi, na ce ko Allah ne ya kawo lokacina. Da ƙafafun suka fara, sai na ji tsoro. Na ce bari in tambayi Baba, shi ya san jiki."

Ya mayar da numfashi ya ci gaba.

"Abu ɗaya nake roƙo. Sunan nan ya bi ni har Udubo. Yara na yi wa ƙannena waƙa da shi a rijiya. Inda ka ajiye zaren nan, ka koma can ka faɗa musu ban sha komai ba. In kai ka faɗa za su yarda."

"Zan faɗa, Buba. Da an buɗe fili da kaka, ranar farko, gaban kowa. Kai ma kana zaune a kan benci za ka ji da kunnenka."

"To, Baba. Allah ya kai mu."

Daga asibiti gidan Sale na wuce, domin ina so ranar ya tsaya kusa da ni, tunda da shi na yi misali. Na same shi a ƙofar gida yana wanke babur. Na ba shi labari duka. Ya daɗe yana goge wuri ɗaya, sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Baba, ai mu mun san ba ya sha."

"Ku wa?"

"Mu masu sha. Ni shekara uku ina haɗiyar ƙwayar nan, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Aikin kwata ne ya ɗaure mini jikin, shi ya sa ba ka ji ba. Rabin ajin manya haka ne. Mun yi masa tayi ya fi sau nawa, sai ya yi dariya ya ce ba ta wuce masa maƙogwaro."

"Kana tsaye na ɗaga hannunka, Sale! Ka yi shiru?"

"To me zan ce, Baba? In ce a'a, ni ne? Kuma wallahi tsoron hagunsa nake yi." Ya matse tsumman ya shanya a kan sirdi. "Ka faɗi taka, amma kada ka sa sunana. Ina da iyali."

Na bar wurin ban yi masa sallama ba. Wannan yatsa nawa da nake taƙama da shi, shekara uku yana danna hannun mai magani yana cewa nama ne, ya danna na mara lafiya sau ɗaya ya ce magani ne.

Yanzu ga kuskurena na biyu, kuma ya fi na farko ciwo, domin wannan da sanina na yi shi. Ba abin da ya hana ni in hau mota a makon nan in je Udubo, in tsaya a ƙofar masallaci bayan Juma'a in faɗa. Ba abin da ya hana ni bin rumfunan kwata da na masu shayi ɗaya bayan ɗaya. Na dai gaya wa Sarkin Dambe da mutum biyu uku, na ce sauran sai fili ya cika, don maganar ta yi nauyi. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce kunya nake ji, kuma kowace rana da aka ɗaga mini sai in ji sanyi a raina.

Asibiti suka ce aikin ya fi ƙarfinsu sai birni, 'yan uwansa suka ga jikin ba zai ɗauki tafiyar ba, suka mayar da shi gida. Gero ya fara fitar da kai aka aiko mini ya rasu. Na je gaisuwa, motar da na hau ta kafe a laka muka ƙarasa da ƙafa. Uwar ta karɓi gaisuwata, ta sa aka kawo mini fura. Ba ta ce mini komai a kan alkawari ba. Wani ƙanensa ne da ya rako ni hanya ya ce har ranar da zai cika yana tambaya ko an fara girbi.

Ranar da aka buɗe fili na cika alkawari. Bayan turmin farko na wasan farko na shiga tsakiya na ɗaga wa makaɗa hannu, suka tsaya. Na tsaya daidai inda na ajiye zaren. Na ce jama'a, bara a nan na yi wa Buba Bahagon Udubo ƙazafi. Na ce bai sha ƙwaya ba, ba a yi masa allura ba, ciwon ƙoda ne ya kumbura shi, kuma ya zo yana so ya gaya mini na toshe masa baki. Na ce Allah ya yi masa rasuwa da damina, duk wanda ya kira shi da sunan nan ya nemi gafarar Allah, laifin kuma nawa ne.

Na kusa suka ce Allah ya jiƙansa. Babban makaɗin ya buga masa takensa sau ɗaya, a hankali, wanda ake yi masa in zai shiga fili. Na baya kuwa ba su ji abin da na ce ba, sun dai ga an tsayar da wasa, suna ta ihu a ci gaba. Aka ci gaba.

Ina komawa benci na bi ta gaban wasu mutum biyu da suka shigo a makare, suna ɓare gyaɗa. Ɗaya ya tambayi ɗan uwansa me tsohon nan ke cewa.

"Wai wani ɗan dambe ne ya rasu."

"Wanne?"

"Bahagon nan na Udubo. Mai allurar shanu."

"Allahu akbar. Ai dama ƙarshenta ke nan."

Na juya na ce musu ba haka ba ne, na fara bayani daga farko. Suka ce to Baba, to Baba, idanunsu na kan fili, domin a lokacin an kai wani ƙasa.

Tun daga ranar nake bi ina gyarawa, mutum ɗaya ɗaya, a kwata, a tasha, a wurin suna da wurin jana'iza. Abin da na faɗa sau ɗaya da rana tsaka gari ya riƙe, wanda nake ta faɗa shekara da shekaru ya ƙi zama. Ko a makon jiya na ji wani a cikinku ya faɗi sunan nan, yana tsokanar abokinsa da ya yi ƙiba, alhali ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin. Shi ya sa na tara ku. Sunansa Buba, kuma bai sha komai ba. In kun ji an faɗi wancan, ko bayan ba ni, ku gyara.